Faifan da Ke Kwana a Batagarawa

Kullum da safe, kafin ya gaisa da kowa, Malam Mannir Dabo sai ya shige ɗan ɗakin bayan ofis a Ƙofar Guga, ya ɗora tafin hannu a jikin sabar, ya ji ko ta yi zafi. Ita ce kwamfutar da ke riƙe da duk aikin masu rubuta manhaja su goma sha huɗu na kamfaninmu. Shi ya kafa ta, shi ke ba sabon ma'aikaci izinin shiga, shi ke rufe wa wanda ya tafi. Shekara tara, wallahi hankalin bawan Allahn nan bai taɓa kwanciya ba.

Ba shi da magana sai "Idan fa ta ƙone?" Har muka raɗa masa Malam Idan-Fa. Duk Alhamis sai ya kwafe komai a faifai, ya naɗe a tsumma, ya hau babur ya kai ɗakin mahaifiyarsa a Batagarawa. Rashida, shugabar masu rubutun, takan bi shi da tsiya: "Malam, a gaida Hajiya, a ce ta kular mana da dukiya!"

Wata Litinin a daminar bara aka buɗe ɗakin, rufi ya yi yoyo, sabar ta sha ruwa ta mutu. A cikinta har da manhajar rajistar masu juna biyu, aikin shekara uku, ga asibitocin ƙauye na jira. Rashida ta zauna dirshan a ƙasa. Shi kuwa Malam tuni yana hanyar Batagarawa, yana ta tunani: idan fa faifan ya ƙi buɗewa? Hajiya ta ciro masa shi daga cikin kwalla. Kafin la'asar komai ya dawo, aikin yini ɗaya kacal aka rasa.

Kai ne ka ɗauki fargabar da mu muka ƙi ɗauka, Malam. Mun yi maka dariya, ka yafe mana. Allah ya saka da alheri. Duk mai riƙe da amanar aikin wasu, ya koyi wannan tsoron.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya fara gazawa. Ko walimar da ake shirya masa ba ta gabansa, tambayarsa ɗaya: wa zai riƙa kai faifan? Jiya Alhamis ya fito da tsummansa, ya tarar da Rashida a bakin ƙofa, ta tsayar da mai adaidaita.

"Malam, mu je ka nuna mini gidan Hajiya," ta ce. "Idan fa ka tafi ban san hanya ba?"