Sakamakon da ya yi wa Baffa sauri

Minti ashirin da ɗibar jinin Baffa a asibitin Gure, sai ga likita da takarda: zazzaɓin sauro ne mai tsanani, allura yanzu.

Baffa, ɗan casa'in da ɗoriya, ya janye hannunsa.

"Ɗana, wannan jinin wani ne. Na mahaifina, zamanin Faransa, raƙumi ya kai shi Damagaram. Sai da wata ya tsaya amsa ta zo."

"Ta same shi, Baba?"

"Kabarinsa ta samu. Amma ai an duba da kyau."

Likita bai musa ba. Ya zagaya ginin sau biyu, ya dawo yana haki da takardar nan dai, kamar daga nesa ya kawo ta. Baffa ya miƙa hannu, yana harararsa.

Tsofaffinku ma haka suke zargin sauri?