Abin da Ya Kai Ni Bencin Baya a Coci

Jama'a sannunku. Na daɗe ban ce komai a wannan zauren namu na waya ba, ko amin ɗin da nake sawa a ƙarƙashin addu'o'inku na daina. Wasu sun ɗauka na mutu. Ban mutu ba, kunya ce ta rufe mini baki.

'Yata Rifkatu ke danna wayar, ni nake faɗa. Ta ce in sassauta, na ce ta rubuta yadda ya fito.

Mahaifata ce ta zazzago. Fitsari kuma ya daina riƙuwa.

Da nauyi ya fara, a mara, kamar na ɗaura dutse. Daga baya in na yi tari ko na ɗaga bokiti sai in ji na jiƙe. Wata rana ina wanka na taɓa abin da bai kamata ya fito waje ba. Na mayar da shi ciki da hannu, ban faɗa wa kowa ba. Maigida ya rasu tuntuni, kuma ko yana nan ba zan faɗa masa ba.

Na koma ɗaura zani biyu da tsumma a ciki. A coci na bar wurina na gaba cikin Zumuntan Mata, na koma bencin baya kusa da ƙofa, don in abin ya zo in fice. Ranar Jibin Ubangiji, da ake zuwa gaba a karɓi gurasa da ruwan inabi, ba na tashi. A raina na ce mai zarni irina ba ta isa ta miƙa hannu a teburin nan ba.

To a cocinmu bencin baya na waɗanda aka sa horo ne, masu laifin da aka dakatar daga Jibi. Na sani sarai. Na zauna.

Magana ta zagaya unguwarmu, Angwan Iya. Uwar zumuntarmu, Mama Laraba, ta zo har gida, ko ruwa ba ta sha ba.

"Saratu, na tambayi Pasto, ya ce bai sa ki horo ba. Wa ya sa ki?"

Na ce ƙafa ke damuna.

"Ƙafa ce ta hana ki Jibi? Ana cewa kin fara dafa burkutu. Wasu ma sun ce akwai wani tsoho a Gangaren Tudu."

Na ce, "Tsoho? Ya zo ya tsinci me?"

Ta yi dariya, ni ma na yi, dariyar ta sa na jiƙa kujera. Da za ta tafi na ƙi tashi in raka ta. Ta fita tana ganin na raina ta.

Na gwammace a ce mini mazinaciya da a ce ina fitsari a zani. Wannan ya fi ba ni kunya yanzu fiye da ciwon.

Wurin ya yi miki, jini ya fara, zazzaɓi ya kwantar da ni. Rifkatu ta zo daga Maraba ta tarar da tsummoki a shanye bayan ƙofar ɗaki. Ba ta tambaye ni komai ba, mai keke mai ƙafa uku ta kira.

Asibiti, kati, layi. Likitan namiji ne, sa'an autana. Na ce ba zan buɗe ba.

Ya ce, "Mama, haihuwa nawa?"

Na ce tara, duk a gida.

"To nama ne ya gaji, ba zunubi ba ne. Kullum muna ganin irinsa."

Aka ɗibi jini, aka ɗibi fitsari, aka yi hoton ciki. Jinina ya hau, sai da aka jira ya sauka kafin tiyata. Akuyoyina duk sun tafi a kan magani. Zumunta ma sun haɗa nasu, ba su san ciwon me suke biya ba.

Da ake tura ni ɗakin tiyata tsoro ya kama ni, amma ba na mutuwa ba. Tunanina, in na mutu matan zumunta ne za su wanke gawata, su gani. Har a nan kunyar ta bi ni. Na ce, Yesu, kai dai ka riga ka gani, ka yi yadda ka so.

Aka cire mahaifar. Na yi kwanaki da robar fitsari, ina yawo da jakarta a hannu. Sannu a hankali na bushe.

Ranar da na koma zumunta aka ce in tashi in yi godiya. Na shirya in ce Allah ya tashe ni daga rashin lafiya, in zauna. Ina tsaye sai na hango wata mata can baya kusa da ƙofa, ba zan faɗi sunanta ba. Zani biyu. Ta zauna a gefe ɗaya na jikinta. Na san wannan zaman.

Sai na faɗi komai, da sunansa. Wata ta yi dariya. Mama Laraba ta juya ta kalle ta, dariyar ta tsaya.

Na zauna kamar an tuɓe ni a kasuwa. Da, na ɗauka bangaskiya ita ce ki zo gaban Allah fes. Ashe ki zo ne yadda kike, kuma kada ki bar 'yar'uwarki cikin abin da aka fitar da ke.

Matar ba ta yi mini magana a coci ba. Da safe ta ƙwanƙwasa ƙofata. Ni na raka ta asibiti.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likitan da masu jinya, da Rifkatu, da matan zumunta. Mama Laraba, yanzu kin san abin da ya hana ni raka ki.

Mata, in kin ji nauyi a mara ko kina jiƙewa, je ki asibiti tun wurin bai yi miki ba. Kada ki tura ganye ko toka. Yara, ku shiga ɗakin iyayenku mata ku duba, ba za su faɗa muku ba. In kuma kun ga tsohuwa ta canza wurin zama a coci, kafin ku nema mata saurayi, ku tambaye ta lafiyarta. In ta ce ƙafa ce, ku sake tambaya.