Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni dai ba na son warin kalwa a kan wuta. Daddawa ina ci a miya, ba na musu, amma da zarar maƙwabta sun ɗora tukunyar kalwa, tururin ya tsallako katanga, sai abinci ya fita raina. Jikokina suna cewa tsufa ne. Wane irin tsufa! Tun ina yarinya nake haka, kuma bari in gaya maka dalili.

A wani ƙauye muke kusa da Kibiya, a shekarun da ake ta cewa Turawa sun kusa tafiya. Gidanmu daga Baba sai Inna, sai Kaka mahaifiyar Baba, sai ni da ƙanina da ke goye. Ni ce 'yar fari, ka kuwa san yadda ake yi da 'yar fari a da. Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. In tana son aike na sai ta ce wa Kaka, "A ce wa waccan ta ɗebo ruwa," alhali ina tsaye a gabanta. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ta tarar ana yi. Tsakanina da ƙanina ta haifi biyu, duk sun koma kafin yaye.

Ina makarantar boko a lokacin. Dagaci ne ya zo neman yara, masu hali suka ɓoye nasu, aka ɗauke ni. Kaka ta sha kuka, ni kuwa ban yi wata guda ba makarantar ta shiga raina. Malaminmu yakan ce kaina yana ja. In na dawo sai in ɗauki tsinke in cika tsakar gida da baƙaƙe, kaji su bi su tattake, in sake. Na taɓa kama Inna tana shara tana kewaye rubutun da tsintsiya. Da ta ga na gan ta, sai ta share shi tas.

Daminar nan kurkunu ya kama Baba ƙafa biyu, daidai lokacin noman firi. Kullum yana zaune a ƙofar ɗaki yana nannaɗe zaren tsutsar a jikin tsinke, kaɗan-kaɗan don kada ta tsinke a ciki, ciyawa kuwa tana can tana cinye mana gona. Rumbu ya kai ƙasa. Muka koma cin tafasa da rama, wata rana da ɗan gari a kai, wata rana haka nan. Sai Inna ta ɗauki fartanyar Baba ta shiga ƙwadago a gonakin mutane, da yaro a baya, ana sallamar ta da ɗan tsabar dawa da yamma. Abin da muke ci ke nan.

Ba a daɗe ba yaron ya fara zawo. Maɗigarsa ta faɗa, idanunsa suka zurma, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Kaka ta taɓa kansa ta ce, "Rana ce. Nononki ya dahu a rana, shi kuma ya gasu a bayanki. Kina so ki binne na uku?"

Inna ta ce, "In na zauna, Iya, me za mu ci?"

Kaka ta ja jiki ta shiga ɗakinta, ta turo tulun kalwar da ta tara tun bazara. Daddawa ce sana'arta kafin gwiwa ta kayar da ita. Ta ce Inna ta zauna a gida ta dafa, ta surfa, ta rufe, ta kirɓa, yaro yana inuwa, nono yana sanyi, ita za ta koya mata komai daga zaune. Magana mai daɗin ji. Amma daddawa ba ta da ƙafa. Sai an ɗora ta a ka an bi gida-gida da safe kafin mata su ɗora miya, ran kasuwa kuma a kai ta har Rano. Duk sana'ar da mace ke yi a cikin gida, ƙafar wata yarinya ce take fitar da ita. A gidanmu kuwa yarinya ɗaya ce. Ba wanda ya dube ni, amma na gane.

Wallahi Inna ta yi ƙoƙari, wannan zan shaide ta ko a gaban Allah. Ta je gidan yayarta neman aron 'ya, aka ce duk suna tallar iyayensu. Kaka ta ce ita za ta gwada, ta ɗauki sanda, ba ta wuce bakin rafi ba aka dawo da ita a kan jaki. Aka tambayi Baba, ya juya fuska bango ya ce, "Ku yi yadda kuka gani." Ni kuwa na bi na ishi kowa da aiki, ina ɗebo ruwa kafin a ce, ina daka, ina wanke tsummokaran yaro, wai ko a ga amfanina a ƙyale ni. Ban san ƙara nuna musu nake yi na isa ɗaukar talla ba.

Wata safiya yaron bai yi kuka ba sam. Yana numfashi, amma ya ƙi kama nono. Inna ta goya shi, ta ɗauki fartanya, ta kai bakin zaure ta tsaya. Ta dawo ta ajiye. Ta sake ɗauka. Ni ina gefe na sa rigar makaranta, ina riƙe da allona, ina addu'a a zuciyata ta fita. E, haka na roƙa, ina kallon kan ƙanina yana lilo a bayanta.

Sai ta jingine fartanyar da bango, ta zo ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da tawa, ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke. Na zaci wata ce ta shigo gidan. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ki ara mini ƙafafunki. Ba ni da wasu."

Me zan ce? Na miƙa mata allon. Kaka ta aika wa dagaci roƙo, aka sa 'yar wani a gurbina. Ranar aka ɗora kalwa, ta wuni tana tafasa, warin ya cika gidan. Da daddawar farko ta bushe na ɗauki ƙwarya na fita, na bi ta bayan gari don kada in ji 'yan makarantarmu suna karatu. Shekara da shekaru ta nan nake bi.

Yaron ya rayu. Shi ya yi karatun, ya yi aikin gwamnati, ya kai Inna Makka. Ni sai da na haifi 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa har yau alƙalami ke rawa a hannuna. Inna ba ta ƙara kiran sunana ba har ta rasu.

Kwanan baya 'yar ƙanin nan nawa ta zo da jaririnta da wayarta a hannu. Wai tana tunanin barin ofis ta zauna a gida tana sana'a, ana saye ta waya, mai babur yana kaiwa. "Gwaggo, me kika gani?" Na ce ta zauna in zuciyarta ta kwanta, ta fita in fitar ce alheri, zamani ya sauƙaƙa mata abin da bai sauƙaƙa wa kakarta ba. Sai ta ce ai babbar 'yarta ma za ta riƙa taimaka mata, ko da za ta rasa makaranta jefi-jefi.

Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. Na ce, "Ki biya mai babur. Waccan ki bar mata ƙafafunta."