Yagana da Gasar Kalmomin Juma'a

A wannan makon matata Yagana ta cika shekara tara da rasuwa. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki biro in mayar. Bana dai na daure.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare, haifaffen Zariya, aiki ya kawo ni Maiduguri. Ita kuwa Babarbariya ce 'yar unguwar Fezzan, nas a sashen gaggawa na wani asibiti. Da muka yi aure muka kama gida a unguwar Mairi. Rabin hirarmu ta farkon aure gyaran Hausa ce. Takan ce "matar ya zo", in ce "ta zo", sai ta ce, "To Malam Afuno, ai dai ta iso lafiya ko?" Afuno shi ne sunan da Barebari ke kiran Bahaushe, kuma har ta bar duniya ba ta sauya mini shi ba.

Sai garin ya rikice. Wanda bai zauna Maiduguri a shekarun nan ba, da wuya ya gane yadda muke rayuwa. Shingen bincike ko'ina, mutum ya sauka daga mota ya wuce da hannu a sama. Dokar hana fita kan kama tun rana ba ta faɗi ba. Masallaci da coci da kasuwa duk sun zama wuraren da ake shiga da addu'a a baki. Aka daina zaman majalisa a ƙofar gida, hira ta koma cikin waya.

A nan Yagana ta buɗe wani zauren hira a waya. Da farko ita da abokan aikinta ne, daga baya wannan ya sa wancan, har aka tara ɗaliban jami'a, da dillalan Kasuwar Shanu, da 'yan kasuwa Ibo waɗanda Hausarsu ta fi tata tsari. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci takan rubuta wani hali da duk muke ciki amma ba shi da suna, ta ce a raɗa masa. Ran Lahadi ta yanke hukunci. Wanda ya ci, shi ne Bulaman Kalma na mako guda, kamar dai mai unguwa. Iyakar ladan ke nan, amma a kansa na ga dattawa suna musu kamar a kotu.

Har yanzu ina tuna wasu. "Firgitaya" ita ce zaburar da mutum ke yi idan tayar mota ta fashe ya ɗauka bam ne. "Guduwari" takalmin nan ne wari guda da ake tsinta a titi bayan an watse da gudu. "Baƙondole" shi ne wanda dokar hana fita ta rutsa da shi a gidan surukai. Wani Alhaji Grema, dillalin shanu, shi ya kawo "gaisuwaiwaye", wato ka gaisa da mutum kana duba bayanka. Madam Ngozi mai sayar da atamfa ta ci sau biyu a jere, kuma tata ce ta fi daɗewa a bakin mutane, "lafiƙarya", amsar da muke ba 'yan'uwa na nesa idan sun bugo suna tambayar ya gari.

Dokokinta kaɗan ne. Ba a taɓa ƙabilar kowa ko addininsa, ba a wasa da wanda ya mutu, kuma wanda ya turo hoton gawa ta cire shi nan take, ko wane ne.

Ni ban so abin ba, kuma gara in faɗa. Ina cikin zauren ne kawai don ta matsa, ina karantawa ina taɓe baki. A matsayina na malami ina ganin ana yi wa harshe karan tsaye, a matsayina na miji ina jin kunya a ce matata ce ke shugabantar barkwanci gari na cikin makoki.

Wata Alhamis aka harbe abokin aikina Malam Ishaku a hanyarsa ta zuwa makaranta. Washegari da la'asar na dawo daga gidan gaisuwa, ban ko cire takalmi ba na ji waya ta yi ƙara. Yagana ce ta saka tambayar mako. Na same ta a tsakar gida tana shanya farar rigarta ta aiki, na faɗa mata maganganun da har yau nake jin nauyinsu. Na ce ba ta da zuciya. Na ce jinin da take gani kullum ya busar mata da ido.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta goge hannu a zani, ta ɗauko wayar ta miƙo mini.

"Malam, duba. Mutum nawa suka amsa?"

Na ce ban san abin da take nufi ba.

"In na tambaye su ko suna lafiya, kowa zai ce lafiya lau, wasu ma ba za su tanka ba, sun gaji da tambayar. Amma in na ce su kawo kalma, ba mai iya yin shiru. Wanda Lahadi ta yi ban ji shi ba, Litinin zan fita nemansa."

Na dubi jerin sunayen waɗanda suka amsa. Shekara biyu tana yin haka a gabana, ni da nake kiran suna a aji kowace safiya ban gane ba.

Ba a yi wata biyu ba na ga abin da idona. Alhaji Grema, wanda ba ya bari a riga shi amsawa, ya yi shiru Juma'a da Asabar da Lahadi. Wayarsa a kashe. Iyalinsa suna tsammanin yana ƙauye wajen sayen shanu, don yakan yi kwanaki. Yagana ba ta yarda ba. Ta tashi daga aikin safe ta bi asibitocin garin ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye da ita, har muka same shi a wani gado a lungu, kansa a naɗe, ba ya iya magana, an rubuta a katinsa ba a san ko wane ne ba. An tare motarsu ne a hanya. Ya yi wata uku kafin ya miƙe. Yana nan da ransa, ya tsufa, yana jan ƙafar hagu.

Ranar da ta rasu Asabar ce da hantsi. Ta je kasuwa sayen takalmin makaranta na 'yarmu Falmata, wadda a lokacin take shekara shida, ta biya shagon Madam Ngozi su gaisa. Suna tsaye bam ya tashi a ɗaya ɓangaren kasuwar. Kowa a garin ya san sau da yawa akwai na biyu. Ngozi ta ce ta riƙe mata hannu da ƙarfi, tana roƙonta ta jira. Yagana ta ajiye mata ledar takalmin a kan kantar shagon ta ce, "Sake ni, Ngozi, mintin farko shi ne na ceto." Ta nufi inda hayaƙi yake. Na biyun ya same ta tana durƙushe tana ɗaure wa wata mata ƙafa da mayafinta. Matar ta rayu.

Ngozi ce ta kawo mini ledar a rana ta uku. Ta zauna cikin matan Fezzan har aka yi addu'ar bakwai, kanta a rufe, ba wanda ya tambaye ta addininta.

Yau garin ya lafa, alhamdu lillahi. An koma hira a ƙofar gida, yara na buga ƙwallo har magariba. Ina yawan tunanin me Yagana za ta ce in ta leƙa wayoyin yanzu. Barkwanci ya yawaita, ɗalibaina suna ƙirƙiro kalma kafin in gama share allo, kuma na san wannan zai burge ta. Amma ina ganin yadda ake ɗaukar muryar wata baiwar Allah 'yar gudun hijira da Hausarta ta karye, a yi ta yaɗawa ana dariya. Wannan ba za ta bari ya wuce ba. Ita da aka yi shekaru ana gyara mata "ya" da "ta", a cikin gidanta ma, ta san zafin abin fiye da yadda ta taɓa nuna mini.

Zauren bai mutu ba, sai dai ya yi sanyi. Mutanensa sun watsu, wasu Kano, wasu Yola, Ngozi ta koma Aba. Ba wanda ya yarda ya hau kujerar alƙalanci, saboda haka gasar ta tsaya da kanta. Ana dai sanar da haihuwa da rasuwa.

Falmata yanzu shekararta sha biyar. Watan jiya muna cin abinci ta tambaye ni yadda dariyar mahaifiyarta take. Ina da ɗaruruwan saƙonninta a rubuce, amma ban taɓa naɗar muryarta ko sau ɗaya ba. Na yi ƙoƙarin kwaikwaya, abin ya fito wani iri, kamar tarin akuya. Falmata ta dube ni, ta yi ƙoƙarin dannewa ta kasa, ta fashe da dariya har tana buga tabarma da tafin hannu, kanta a baya, idonta a rufe.

Na ajiye cokali ina kallonta. Da ta tsagaita ta ce, "Baba, mene ne?"

Na ce, "Ita ce wannan. Haka take yi."

Allah Ya jiƙan Yagana, Ya haskaka kabarinta, da ita da duk waɗanda garin nan ya binne a waɗancan shekaru.