Lemun Dubiya

Shekara tara ina koyar da kimiyya a wata makaranta a unguwar Buokrom, kuma darasin da na fi so shi ne yadda jiki ke samun ƙarfi. Nakan zana ƙwayar halitta a allo, in ce wa yara tuwon da suka ci yakan zama sukari a jini. Sukarin ya shiga ƙwayar, wasu sinadarai da ake kira enzayim su yi ta farfasa shi, wannan ya miƙa wa wancan, har na ƙarshe, mai juyawa kamar injin niƙa, ya fitar da ATP, wato makamashin jiki. Da ATP ake ɗaga guduma, da shi ake ƙifta ido. Da gadara nake faɗa, sai ka ce ni na ƙera injin.

Sai ciwon sukari ya kwantar da Baba. Kafinta ne a unguwar Anloga, mai saɓa katakon da mutum biyu ke nishi a kansa, amma ya koma buta ma tana gagararsa. Likita ta ce sukari ya cika masa jini, ya kasa shiga ƙwayoyin. Ga gyambo a ƙafarsa. Ta ce in sukarin bai sauka ba, yanke ƙafar za a yi.

To, a unguwarmu Akwatialine ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Abokansa sukan zo da lemun kwalba da burodi mai zaƙi, su buɗe da kansu, su zauna sai sun ga ya sha. Baba kuwa cewa yake ba a mayar da hannun kyauta.

Na tari babban amininsa a zaure, na durƙusa.

"Baba Alhaji, don Allah a daina kawo lemun nan."

Ya yi dariya. "Malama, mutum ba shi da ƙarfi paa, kin ce kar ya sha zaƙi? Da mi zai tashi?"

Na san amsar, na rubuta ta a allo ya fi sau ɗari. Amma a gaban dattijon da ya riƙe ni ranar sunana, sai na matsa na ba shi hanya. Na koma ɓoye kwalabe ina rabar wa maƙwabta. Kafin in taso daga makaranta wasu sun iso. Na ji haushin unguwar gaba ɗaya, na fi jin haushin kaina.

Bayan wata huɗu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Kwana uku da aikin Baba Alhaji ya shigo asibiti, idonsa jawur, da leda a hannu. Ya fito da kwalba, ya yi ta fama, ya kasa buɗewa. Baba ya dubi amininsa, sannan ya dube ni.

"Taimaka masa mana," ya ce a hankali.

Na karɓi kwalbar, na buɗe.