Shekarar da Aka Cire Baba Daga Haraji

Ni dai ban taɓa ganin wanda aka yafe wa haraji ya yi fushi ba sai mahaifina. Wasu har cikin rumbu suke ɓuya in sun ji malamin haraji ya shigo gari. Shi kuwa da aka ce ya huta, tuwo ma kasa ci ya yi.

A ƙauyenmu, can wajen Gude, da kaka ake biya, bayan an kai gyaɗa sikeli. A shekarar da abin ya faru, dagaci ya tara magidanta a ƙofar gidansa, da aka zo kan gidanmu sai na ji an kira sunana. Dagaci ya ce, "Baba, an duba shekarunka, an hutar da kai. Ɗanka zai riƙa tsaya wa gidan." Wallahi alheri ya nufa. Amma a wurinmu wanda ake kira ranar haraji shi ne mai gida, shi ke raba aikin gandu, shi ke buɗe rumbu. Ni a lokacin ina da mata da 'ya'ya, amma ko akuya ban taɓa kaiwa kasuwa ba sai da izninsa.

Baba ya je Gwarzo wurin hakimi, aka ba shi haƙuri. Ya dawo ya ce to birni za shi, babban ofishin, a mayar masa da sunansa. Inna ta ce in bi shi, kada rigima ta kai shi gidan yari.

Motar gyaɗa muka hau, muka zauna a kan buhuna har Kano. Wani dillalin shanu ne ya yi mana kwatance: mu bar masallaci a hannun dama, mu wuce famfon da 'yan ga-ruwa ke layi, sai rumfar teloli, sai kotun alƙali, sai wani babban durumi, ofishin na kallonsa. Baba na gaba da sandarsa, ina biye da buta da ƙullin fura. Haka muke tafiya tun ina yaro, ɗa ba ya shiga gaban ubansa.

A famfo ya tsaya, wai yana son ganin yadda ruwa ke fitowa daga ƙarfe. A wurin teloli ya sake tsayawa, yana taya yadin da na san ba saye zai yi ba. Haushi ya kama ni, ga rana, ga yunwa, tsoho ya zo yawon buɗe ido. Sai da na matsa kusa na ji yadda numfashinsa ke fita. Mutumin da ya sha kora shanu da ƙafa tun daga Kabo har kudu, yau ɗan wannan taƙin ne yake nema wa dalilin tsayawa. 

Gindin durumin cike yake da jama'a, ga mai ƙosai, ga masu rubuta wa mutane ƙorafi, kowa ya zo roƙon a rage masa. Wani ya tambayi Baba abin da ke tafe da shi, da ya ji sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Baba, mu yi musaya mana." Baba bai ko dube shi ba.

Malamin da muka tarar a ciki matashi ne mai ladabi, har ya miƙe ya gaishe shi. Baba ya cire hula, ya zaro tsofaffin takardun harajinsa da yake ajiyewa a cikinta, ya ce, "Malam, ko shekarar da fara ta cinye mana gero ban yi fashi ba. Har gobe ina riƙe garma. Laifin me na yi?"

Malamin ya ce, "Baba, ba ka yi laifi ba. Ka biya naka ka gama, yanzu lokacin ɗanka ne."

Baba ya juyo ya dube ni. "Me ya ce?"

A gida mun daɗe muna ɗaga masa murya ba tare da kowa ya faɗi dalili ba. Nan kuwa, a gaban mutane, dole na kai bakina kunnensa na maimaita masa, ni da kaina, cewa lokacina ne. Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya naɗe takardunsa, ya yi wa malamin godiya.

Muka yi azahar a gindin durumin, na dama masa fura ya sha. Da ya miƙe na koma gefe ina jira ya wuce, yadda aka saba. Sai ya ce, "Shiga gaba, mai gida. Ni ban riƙe hanyar ba."

Ya fi ni riƙe ta, na sani. Na shiga gaba, ina jin sandarsa a bayana, ban iya waiwayawa ba. Da muka zo famfo na tsaya, na ce masa ina so in ƙara kallon ruwan nan.