Taƙi Shida na Ba'ana

Yayana Ba'ana bai taɓa yarda da tef ɗin awo ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Ya ce tef na tela ne da masu shakka. Shi da taƙi yake awo, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya idan ya buɗe hannu. Tabarya taƙi shida, muciya uku. Haka ya yi shekara arba'in yana sassaƙa da gizago a zauren gidansa a unguwar Bulumkutu, kuma duk matar da ta yi daka da tabaryarsa ta san ba ta tsagewa.

Bara kafaɗarsa ta ƙi. Sanyin ƙashi ya kama shi har ya zama tabarya ɗaya sai ta ci masa kwana uku. Matan da ke saye a wurinsa suka fara wucewa kasuwa. Ya ce mini, "Ammatu, ko dai inji, ko in zauna ina kallon titi." Ba shi da wata sana'ar, kuma ba mutumin zama ba ne.

Na raka shi unguwar Umarari wurin Nicodemus, mai walda da ke haɗa injunan sassaƙa, irin wanda ke juya itace kai kuma ka kara masa ƙarfe yana feƙewa. Biyu ya nuna mana, dogo da ƙarami. Dogon ba zai zauna a zauren ba sai an fasa bangon madafin Zainaba, matar Yaya, wadda ta riga ta ce duk wanda ya taɓa bangon nan shi zai riƙa girki.

Yaya ya sunkuya a kan ƙaramin, ya auna tsakanin bakunan da ke riƙe itace. "Shida cif. Tabarya za ta shiga."

Nicodemus ya zaro tef. "Baba, bari in gwada."

"Mayar da shi aljihu. Tun kana cikin tsumma nake awo."

"Baba, wannan na ƙafar tebur ne fa."

"Ƙafar tebur ɗinka. Ɗaure mini shi."

Ni kuwa na bar shi da zaɓinsa. Na gaji, rana ta yi, kuma na san gardama da shi ɓata yawu ne.

Aka kawo inji, aka kafe shi da siminti. Ranar da aka samu wuta, Yaya ya ɗauko itacen tabarya da ya yanke tun shekarun baya ya ɗora. Bai shiga ba. Ya yi tsawo da fiye da taƙi guda. Ya juya shi, ya sake gwadawa, ya ce injin ne aka musanya.

Zainaba ta shiga ciki ta fito da tsohuwar tabaryarta, wadda ya sassaƙa mata shekarar da suka tare. "Malam, auna wannan."

Ya auna. Bakwai da rabi. Ya sake. Bakwai da rabi.

Sai ya tsaya yana kallon hannunsa. Yatsun sun lanƙwashe, ba sa buɗewa kamar da. Mu mun daɗe muna gani idan yana cin abinci. Shi ne bai lura ba, don gizago ya san tsawon tabarya ba sai an auna ba.

Da labari ya kai masa, Nicodemus ya ce zai karɓi ƙaramin ya kawo dogon. Zainaba ma, da ta ga fuskarsa, ta ce a fasa bangon. Yaya ya ƙi. Ya ce shi ya zaɓa, shi zai zauna da abinsa.

Tun ranar bai sake yin tabarya ba. Yana yin muciya, da ƙaramin turmin yaji, da gungumen da masu wankin hula ke kifa hula a kai. Ana saye, ana ci, ba yabo ba fallasa. Idan mace ta zo neman tabarya sai ya nuna mata hanyar kasuwa ba tare da ya ɗago kai ba.

Har yau bai sayi tef ba. Abin da ya canza ɗaya ne. Duk wanda ya kawo aiki, kafin ya zauna zai ce masa, "Don Allah koma gida ka yanko mini kirtani daidai tsawon da kake so. Kada ka sa ni in auna."